Filin Tambaya da Amsa: Yadda jirgin ruwa ke ratsa mashigin Suwez da na Panama

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata ne ga aikin jirgin ruwa, musamman hanyoyin nan da ɗan Adam ya haƙa don jirage su yanke doguwar tafiya. Mun haɗa tambayoyi masu kama da juna wuri ɗaya. Ma'aunin da zai yi ta dawowa shi ne mil na teku, wato mita 1,852, domin da shi ake lissafin nisa da gudu a kan ruwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Har yau ina mamakin jirgin nan da ya gitta a mashigin Suwez ya tsayar da kasuwancin duniya. Hanya ce miƙaƙƙiya, ba igiyar ruwa, ba dutse. Ta yaya ƙwararrun matuƙa za su kai jirgi cikin yashi gari a waye? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ai ƙuncin hanyar shi ne matsalar. A tsakiyar teku in jirgi ya kauce da mita ɗari ba wanda zai ma lura. A Suwez kuwa wannan mita ɗarin ta isa ta kai shi gaɓa.

Tsawon mashigin kilomita 193 ne, daga Bur Sa'id a bakin Bahar Rum zuwa birnin Suwez a bakin Bahar Maliya, kuma an buɗe shi ranar 17 ga Nuwamba, 1869. Zurfinsa a tsakiya mita 24, amma ba ginin kwalbati aka yi masa ba. Rami ne cikin yashi mai siffar akushi, tsakiya da zurfi, gefe da gefe suna tasowa a hankali. Saboda haka faɗin da ido ke gani a sama ya fi wanda babban jirgi zai iya bi nesa ba kusa ba. Jirage ayari suke yi, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita biyu zuwa uku. Ayarin da ya nufi kudu da wanda ya nufi arewa duk kafin asuba suke tashi, su wuce juna a inda hanya ta rabu biyu, kamar Babban Tafkin Ɗaci da sabuwar hanya mai kilomita 35 da aka buɗe a 2015. Gudun da aka yarda da shi kilomita 14 zuwa 16 ne a awa, tafiyar kuma takan ci awa 12 zuwa 16.

Jirgin da kake nufi shi ne Ever Given, mai tsawon mita 400 da faɗin kusan mita 59. Da safiyar 23 ga Maris, 2021 ya shiga daga kudu, a ɓangaren da hanya guda ce tak, wadda faɗinta bai kai tsawonsa ba. Abubuwa uku ne ke wasa da jirgi a irin wannan wuri, kuma ranar duk sun haɗu.

Na farko iska. Jirgin kwantena cike da kaya tamkar katanga ce mai tafiya. Iska mai gudun kilomita 54 a awa, in ta bugo daga gefe, tana tura kowane murabba'in mita dubu da ƙarfin tan 12 da rabi. Gefen da ya kai murabba'in mita 15,000 zai ji turin kusan tan 190, alhali jirgin ja mai ƙarfi na tashar ruwa tan 60 zuwa 80 yake iya ja. In gudun iska ya ninka sau biyu, turinta sau huɗu yake ninkawa. Ranar kuwa guguwar yashi ake yi.

Na biyu tsotson gaɓa, wanda wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin tuƙi ba ba ya yarda da shi sai ya gani. Jirgi na tafiya yana ture ruwa, ruwan kuma dole ya koma baya ta gefensa da ta ƙarƙashinsa. In jirgin ya matsa kusa da gaɓa ɗaya, ruwan da ya matsu tsakaninsu sai ya ƙara gudu, ruwa mai gudu kuma ƙarfin turinsa raguwa yake yi. Sai gaɓar ta riƙa jawo bayan jirgin, ruwan da ya taru a goshi kuma yana ture goshin waje. Kafin a ankara jirgi ya juya ya nufi ɗaya gaɓar. In aka murɗa sitiyari da ƙarfi don a gyara, sai ya isa can ɗin ya sake samun irin wannan turi, lilon yana ƙara faɗi kamar na tirelar da ta fara rangaji a kan kwalta.

Na uku durƙuso. A ruwa marar zurfi jirgi mai gudu yakan ƙara nutsewa. Tankar mai a ƙuntatacciyar hanya, in tana mil 10 a awa, takan ƙara nutso da kimanin mita 1.6, in kuma mil 5 take yi, santimita 40 kawai. Da zarar cikin jirgi ya kusanci ƙasa, jin sitiyarinsa ya ragu.

To ga inda ake shiga gaba kura baya sayaki. Allon juyi, wato faifan ƙarfen da ke bayan farfela wanda sitiyari ke karkatarwa don jirgi ya juya, ba ya aiki sosai sai da ruwan da farfela ke watsa masa. In ka rage gudu iska ta kwashe ka, in ka ƙara gudu don sitiyari ya kama, tsotson gaɓa da durƙuso sun ƙaru. Ever Given ya kai kimanin mil 13 a awa, wato kilomita 24, kafin goshinsa ya cake a gaɓar gabas bayansa ya jingina da ta yamma. Kwana shida yana nan, jirage sama da 400 suna jira. Sai da aka yashe yashi kusan mita kubik 30,000 daga ƙarƙashin goshinsa, aka haɗa jiragen ja fiye da goma, aka kuma dace da babbar cikowar teku ta tsakiyar wata, sannan ya motsa ranar 29 ga Maris. A ganinmu, shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda ake yankewa kafin a cire anka: jirgi mai wannan girma, cikin irin wannan iska, a shiga ko a jira.

TAMBAYA: Malaminmu na jogirafi ya ce a Panama jirgi hawa tudu yake yi ya sauka. Ni dai na kasa gane yadda ruwa zai hau sama da jirgi. Kuma me ya sa ba a yin haka a Suwez? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Malaminku ya yi gaskiya, 'yar'uwa. Ƙasar Suwez shimfiɗaɗɗiya ce, tekunan biyu kuma kusan tsayi ɗaya suke, don haka haƙa kawai aka yi ruwa ya haɗu. Panama kuwa duwatsu ne a tsakiya. Faransawa sun gwada haƙa ta daidai da teku daga 1881, zazzaɓin shawara da na cizon sauro da zaftarewar ƙasa suka cinye rayuka kimanin 22,000, kamfanin ya karye a 1889. Da Amurkawa suka karɓa sai suka sauya dabara. Suka datse kogin Chagres, ruwa ya taru ya zama tafkin Gatun, mita 26 sama da teku. Abin da ya rage shi ne yadda za a ɗaga jirgi zuwa tafkin a kuma sauke shi a ɗaya gefen. An buɗe mashigin ranar 15 ga Agusta, 1914, tsawonsa kusan kilomita 80, kuma ya koma hannun ƙasar Panama ranar 31 ga Disamba, 1999.

Ɗagawar da ɗakunan ruwa ake yin ta. Ki ɗauka fangalin lambu ne guda uku a jere kan gangara, kowane da ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga na ƙasa, a rufe ƙofar bayansa. A buɗe wa ruwan ɗaki na sama hanya, ya gangaro ta manyan bututai masu faɗin mita 5.5 da ke cikin bango, ya ɓuɓɓugo ta ramuka ɗari da ke ƙasan ɗakin. An rarraba ramukan ne don kada ruwa ya shigo ta gefe ɗaya ya maka jirgi da bango. Cikin minti 8 zuwa 10 ruwan ɗakunan biyu ya daidaita, jirgi ya tashi sama da mita takwas da wani abu, ƙofar gaba ta buɗe, ya wuce. Ba famfo ko ɗaya a wannan aiki, nauyin ruwa ne kawai. Daga gefen Atlantika matakai uku ne a Gatun. Sai a ratsa tafkin, a bi ta tsagin Kulebra, wata ƙuntatacciyar hanya mai kusan kilomita 13 da aka fasa cikin dutse, a sauka mataki ɗaya a Pedro Miguel, biyu a Miraflores, sai tekun Fasifik. Awa 8 zuwa 10 ke nan in ba a samu tsaiko ba.

Faɗin tsofaffin ɗakunan mita 33.53 ne, jirgi mafi faɗi da ake bari ya shiga kuma mita 32.31. Abin da ya rage kowane gefe santimita 61, bai kai tsawon hannun babba ba. Shi ya sa ake da kawunan jirgin ƙasa masu lantarki da ke tafiya kan dogo a bakin bango, waɗanda ake kira alfadarai. Babban jirgi yakan samu har takwas, kowane da igiyoyin waya ɗaure a jikin jirgin. Mutane kan zaci su ke jan jirgin. A'a, injinsa ke tura shi, su aikinsu su riƙe shi a tsakiya su kuma taka masa birki. Sababbin ɗakuna da aka buɗe ranar 26 ga Yuni, 2016, Agua Clara a gefen Atlantika da Kokoli a gefen Fasifik, tsawonsu mita 427 faɗinsu 55, kuma ba alfadarai a nan, jiragen ja ne ke shiga tare da jirgin, ɗaya gaba ɗaya baya.

Wani abu da ke kama wanda bai yi lissafi ba shi ne ruwan daɗi. Lita dubu na ruwan teku kilo 1,025 ne, na tafkin Gatun kuwa bai cika kilo 1,000 ba. Ruwan daɗi ba ya ɗaga jirgi kamar na gishiri, don haka jirgi mai nauyin tan 60,000 yakan ƙara nutsewa da santimita 25 zuwa 30 da zarar ya shiga tafkin. Iyakar nutson tsofaffin ɗakuna mita 12.04 ce a ruwan daɗi. Babban jami'in kaya dole ya yi wannan lissafi tun a tashar da aka yi lodi, ya cire man da za a ƙona a hanya. In ya yi kuskure, sai an sauke kaya ko an zubar da ruwan daidaita jirgi kafin a bari ya shiga, da asarar kwanaki. Haka kuma a ɗaki na ƙarshe, in ƙofa ta buɗe, ruwan gishiri mai nauyi yakan kutso ta ƙasa na daɗi ya fita ta sama, abin da ke haifar da gudun ruwa mai iya karkatar da goshin jirgi.

Raunin Panama shi ne damina. Duk jirgin da ya ratsa tsofaffin ɗakuna yana zubar da ruwan daɗi kimanin lita miliyan 200 cikin teku, wato jarka mai lita 25 har miliyan takwas, daga ruwan da kusan rabin 'yan ƙasar ke sha. Sababbin ɗakunan suna da tafkunan ajiya a gefe da ke maido da kashi 60 cikin ɗari. Duk da haka, da aka yi fari (ƙarancin ruwan sama) a 2023 an rage jiragen da ke wucewa daga kimanin 36 a rana zuwa 22, aka rage nutson manyan jirage daga mita 15.2 zuwa 13.4, har wani kamfani ya biya kusan dala miliyan 4 a gwanjo don ya tsallake layi.

TAMBAYA: In jirgi ya iso bakin mashigi, wane shiri ake yi? Kuma na ji ana ɗauko wani mutum daga gari ya hau jirgin. To shi da kyaftin wa ke da iko? Daga wani ɗalibin aikin jirgin ruwa, ɗan asalin Zariya.

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan'uwa. Kwanaki kafin isowa ake aika wa hukumar mashigin bayanan jirgi ta hannun wakili: tsawo, faɗi, nutso gaba da baya, tsayi daga ruwa zuwa ƙololuwar turke, irin kaya, da ko akwai mai haɗari a ciki. Tsayin ba wasa ba ne, domin gadar Alƙanɗara a Suwez ba ta barin abin da ya wuce mita 68. Kowane mashigi kuma yana da nasa ma'aunin girman jirgi da takardar shaidarsa, da ita ake yanka kuɗin wucewa, wanda ga babban jirgin kwantena yakan kai dala dubu ɗaruruwa a tafiya ɗaya.

Ana gab da shiga sai gwaji. A kunna injin gaba, a kunna shi baya. A gwada sitiyari: ƙa'ida ita ce allon juyi ya tashi daga digiri 35 a gefe ɗaya ya kai digiri 30 a ɗaya gefen cikin daƙiƙa 28. A kunna famfunan sitiyari duka biyu a bar su suna aiki tare, a gwada wayar da ke haɗa ɗakin tuƙi da ɗakin sitiyarin gaggawa. A ƙara janareta na biyu a layi, saboda ɗaukewar wuta ta minti biyu a tsakiyar teku ɓacin rai ce kawai, a cikin mashigi kuwa ta isa ta kai jirgi gaɓa. A kwance anka biyu a bar su kan birki, da mutum tsaye a goshi riƙe da rediyo. A kashe na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, a sa gogaggen matuƙi ya riƙe sitiyari da hannu, ana canza shi kafin ya gaji. A Suwez ana ɗora babbar fitila a goshi don tafiyar dare, a da kuma akan ɗauki masu ɗaure jirgi da ƙaramin kwalekwalensu, a rataye shi a gefe, don in ayari ya tsaya a sauke su su kai igiya gaɓa. Duk inda ake jan igiya, kada kowa ya tsaya a layinta ko ya tsallaka ta. Igiyar da ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da ke karya ƙashi, kuma tana cikin abubuwan da suka fi jikkata ma'aikata.

Mutumin da kake tambaya shi ne jagora. In kyaftin ne madugu, to shi ne jagaban ayari, wanda ya san kowane lungu na hanyar. Yana zuwa da ƙaramin jirgi ya hau ta tsanin igiya alhali jirgin na tafiya. Kyaftin yakan juya jirgi ya kare masa iska. Doka ta ce kada hawan tsanin igiya ya wuce mita 9, in ya wuce sai a haɗa shi da matakalar ƙarfe. A ɗaure tsanin a ƙarfen da aka tanada a daɓen jirgi, ba a jikin shinge ba, jami'i ya tsaya a kansa da rediyo, da zoben ceto mai fitila a kusa. Jagorori da dama sun rasa rayukansu saboda ruɓaɓɓiyar igiya ko mummunan ɗauri, saboda haka wannan aiki ba na barin sabon shiga shi kaɗai ba ne.

Game da iko, a Suwez da kusan ko'ina jagora mai ba da shawara ne, alhakin jirgi yana wuyan kyaftin. Panama ce ta fita daban: can jagora ke karɓar ragamar tuƙi gaba ɗaya. Ko ina ne, da ya hau sai a miƙa masa takardar halayen jirgi, a gaya masa duk abin da ba ya aiki daidai, shi kuma ya faɗi tsarin tafiyarsa. In ya ba da umarni, matuƙi ya maimaita da baki, ya aikata, ya sake faɗa cewa an yi. Jami'in da ke bakin aiki idonsa na kan allurar da ke nuna inda allon juyi yake, domin kuskuren da aka fi yi shi ne a ce dama hannu ya murɗa hagu. Ƙaramin jami'i da ya ga kuskure ya yi shiru don kunyar manya ya cuci jirgin. In kuma jagorori suna magana tsakaninsu da harshen da kyaftin ba ya ji, haƙƙinsa ne ya nemi a fassara masa nan take. Binciken da aka yi kan Ever Given ya ambaci wannan matsala ta harshe.

TAMBAYA: Kayan da muke saro daga Chaina ta Suwez suke biyowa? In ba ta nan ba, me ya sa kuɗin kwantena ya tashi lokacin rikicin Bahar Maliya? Daga wata 'yar kasuwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya, yawancin jiragen da ke tasowa kai tsaye daga Chaina zuwa Legas, Kwatano, Lome ko Tema ba sa bin Suwez. Suna ratsa tekun Indiya su zagayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu su hauro, domin hanyar ta fi ta Suwez kusa da wajen mil 2,000, kuma ba kuɗin wucewa. Sai dai akwai kayan da ake fara kaiwa tashoshin sauyi irin su Tanja a Maroko ko Aljesiras a Sifen, a sake loda su a wani jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Waɗannan kam ta Suwez suka saba bi.

Tun daga Nuwamban 2023, da 'yan Husi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a kusa da Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, manyan kamfanoni suka karkatar da jiragen Asiya zuwa Turai ta kudancin Afirka. Daga Singafo zuwa Rotadam kimanin mil 8,400 ne ta Suwez, ta zagaye kuwa wajen 11,700, ƙarin kwana 10 zuwa 14. Jirgin da ya daɗe a hanya da kwantenonin da ke kansa ba sa dawowa da wuri, sai jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci a duk duniya, aka kwashe wasu daga wasu hanyoyi don cike giɓi, kuɗin ɗauka ya tashi har ga wanda kayansa ba su taɓa ganin Bahar Maliya ba. Masar ma ta ji jiki: kuɗin shigar mashigin ya faɗo daga sama da dala biliyan 9 a shekara zuwa kimanin biliyan 4 a 2024.

TAMBAYA: Ban da waɗannan biyu, akwai wasu? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Akwai, Malam. Na Kiel a Jamus, mai kilomita 98, an buɗe shi a 1895, yana haɗa tekun Arewa da na Baltik, kuma a yawan jirage ya fi Suwez da Panama, sai dai ƙanana ne. Can ban da jagora har matuƙa na musamman ake ɗauka su riƙe sitiyarin manyan jirage. Na Korinti a Girka kilomita 6 ne da ɗoriya, tsagi ne cikin dutse mai faɗin mita 21 a ƙasa, ya yi wa jiragen kaya na zamani kaɗan. Sai hanyar kogin Sen Lorens tsakanin Kanada da Amurka, wadda aka buɗe a 1959, mai ɗakunan ruwa 15 daga Montiriyal zuwa tafkin Erie. Ana rufe ta da hunturu saboda ƙanƙara.

TAMBAYA: Musulmin da ke aiki a jirgi, ta yaya yake gane alƙibla tunda jirgin juyawa yake yi? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Malam, a jirgi ma ya fi sauƙi, domin ɗakin tuƙi yana da na'urar da ke nuna inda goshi ya fuskanta a kowane lokaci. Ka san digirin alƙibla na inda kuke, ka cire digirin da jirgi ya fuskanta, abin da ya rage ka ƙirga shi daga goshi zuwa dama. A Suwez alƙibla tana wajen digiri 140 zuwa 145, kudu maso gabas, don haka in jirgi ya nufi arewa tana bayanka ta dama. A Panama kuwa kimanin digiri 62 ce, gabas mai karkata arewa. Inda ake bukatar kula shi ne Bahar Maliya: tana kudu maso gabas a Suwez, ta koma gabas daura da Jidda, a Babul Mandab kuma ta zama arewa da ɗan karkata yamma, duk cikin kwana uku zuwa huɗu. Kada a dogara da kamfas ɗin waya a cikin ɗaki, ƙarfen jirgi na ruɗa shi.

TAMBAYA: Ina sha'awar wannan aiki don in ga duniya. Ta ina zan fara, kuma da gaske ana ganin ƙasashe? Daga wani matashi a Gombe.

AMSA: Ka fara da asibiti, ƙanena, kafin ka kashe ko kwabo. Wanda idonsa ba ya bambanta ja da kore ba zai zama jami'in tuƙi ba, domin da dare fitilar hagun jirgi ja ce ta dama kuma koriya, da su ake gane inda wani jirgi ya nufa. Bayan haka sai makaranta. A Najeriya akwai kwalejin Oron a jihar Akwa Ibom da jami'ar Okerenkoko a jihar Delta, a Gana akwai jami'ar yanki da ke Akara, masu Faransanci kuma suna da makarantar yanki a Abijan. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, NIMASA, ce ke ba da takardun shaida a Najeriya. Za ka zaɓi ɓangaren tuƙi ko na inji. Kowa sai ya yi horo huɗu na farko da yarjejeniyar duniya ta 1978 ta wajabta: tsira da rai a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai a wurin aiki. Sai littafin ma'aikacin jirgi, fasfo, da katin rigakafin shawara.

Babban cikas shi ne wata 12 na horo a kan jirgi, wanda sai da shi ake zama jarrabawar jami'i. Ɗalibai da yawa sun gama aji suna zaune shekaru saboda rashin jirgin da zai ɗauke su. Kafin ka biya kuɗin kowace makaranta, ka tambaya ko tana da kamfanonin da ke karɓar ɗalibanta, ka kuma nemi tsofaffin ɗalibai ka ji daga bakinsu. Duk wakilin da ya ce ka ba shi kuɗi ya sama maka aiki a jirgi, ka guje shi, yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan ruwa ta 2006 ta haramta karɓar kuɗin neman aiki daga hannun ma'aikaci. Ita ce kuma ta ce hutu kada ya gaza awa 10 a kwana da awa 77 a mako, kuma kada zaman mutum a jirgi ya kai wata 12 ba a maida shi gida ba.

Ganin duniya kuwa, gara ka san gaskiyarsa tun yanzu. Jirgi mai mita 400 mutum 20 zuwa 25 ne ke cikinsa. Jami'i yana awa huɗu a bakin aiki, takwas a waje, sau biyu a rana, ba Juma'a ba Lahadi, wata huɗu zuwa shida, ƙananan ma'aikata kuma har wata tara. Jirgin kwantena kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a tasha, lokacin kuma aiki ya fi yawa, tashar tana nesa da gari, wasu ƙasashen sai da biza ta musamman za ka taka ƙasa. Jiragen hatsi da na ma'adinai sun fi daɗewa, su ke ba da damar shiga gari. Suwez da Panama za ka gan su sosai, amma daga kan jirgi: yashi da dabino da masallatan Isma'iliyya a ɗaya, daji mai duhu da kadoji a bakin ruwa a ɗayan.

Abin da sabon shiga ya fi shan wuya a kansa shi ne agogo. Duk digiri 15 da jirgi ya yi gabas ana ƙara awa ɗaya, in yamma ya yi a rage, kuma a jirage da yawa ana raba awar minti 20-20 tsakanin rukunoni uku na masu tsaron dare don kada wani ya cutu. Jirgi mai sauri da ke ratsa Fasifik yakan taɓa agogo kusan kowane dare biyu, barci ya rikice, lokutan salla su yi ta matsawa, sai ka riƙa lissafa su da inda jirgi yake. A layin digiri 180 kuma, in kun nufi yamma kwana ɗaya ake tsallakewa, ku kwanta Talata ku tashi Alhamis, in gabas kuka nufa ku yi rana ɗaya sau biyu.